Na ɓata bakin wuƙar kakana, wane mawashi zan riƙa shiga daji da shi?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a nan Damagaram, shekaruna 27, ina da mata da yaro ɗaya. Gidanmu gidan farauta ne tun kaka da kakanni. Bara Baba ya miƙa mini wuƙar mahaifinsa, ƙirar maƙeran gida, wadda ya ce ta girme shi. Dutsen da yake wasa ta a kai babba ne, a kafe yake a tsakar gida, ba ya ɗaukuwa. Da rani muka tafi farautar kwana wajen Gure, tun ba a je ko'ina ba wuƙar ta dakushe, har na zo yanka sai da na ari ta wani. Abokai suka yi ta yi mini dariya, wai ga jikan maharbi da wuƙar yankan kuɓewa. Da muka dawo sai wani abokina mai zuwa fatauci Kano ya sayar mini da wani ɗan abu na roba mai tsaga, ya ce in riƙa jan wuƙa a ciki kawai. Na yi ta ja ina ganin garin ƙarfe na zuba, ina murna. Da na duba da kyau sai na ga bakin ya yi giɓi biyu, tsakiyarsa kuma ta rame. Na ɓoye wuƙar, har yau Baba bai gani ba. Abokina ya ce hannuna ne ba kyau. Yanzu na tara jika goma sha biyar ina so in yi saƙon mawashi na kirki irin waɗanda nake gani a waya, amma maiɗakina ta ce hatsin gida ya kusa ƙarewa, ba za a zuba kuɗi a kan dutse ba. Malam, wane iri zan saya da zai shiga burgami? Kuma da wane ido zan kalli Baba?

Wani mai karatu daga Damagaram

Wa alaikumus salam ɗana. Ka kwantar da hankalinka, wuƙar nan ba ta mutu ba. Giɓi a bakin wuƙa ciwo ne mai magani, kuma garin da maƙeransa suka ƙera wa Sarki Tanimu igwa a ƙarni na 19 ba zai rasa mai gyara shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne wuƙar da ke ɓoye a ɗaka, kai kuma kana ta kauce wa idon mahaifinka. Saboda haka da Baba za mu fara, mawashi ya biyo baya, don rabin amsar tambayarka ta mawashi ma a hannun tsohon nan take.

Ka sa kanka a matsayinsa. Mutumin da ya ɗauki wuƙar ubansa ya ba ɗansa ya faɗi magana babba ba tare da ya buɗe baki ba: ya yarda da kai. Idan ya ga giɓin zai ji zafi, wataƙila ma ya yi faɗa, kuma yana da haƙƙin hakan. Amma wanda ya yi shekaru yana fiɗa a daji ya sha ganin wuƙa ta ci karo da ƙashi ta ɓantare, giɓi ba baƙonsa ba ne. Abin da zai yi masa ciwo na gaske shi ne ranar da zai ce ka kawo masa wuƙar ka fara 'yan kame-kame, ko ya ji labarin a bakin wani a majalisa. Kada ka bari makon nan ya ƙare. Ka same shi lokacin da yake shi kaɗai, bayan la'asar ko bayan isha'i, ba gaban ƙannenka ba, ba gaban abokan farautarsa ba. Ka tafi da wuƙar cikin kubenta, ka haɗa da abin robar, ka ajiye su gabansa, ka faɗi abin da ya faru yadda ka faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Kada ka jingina laifin ga abokinka. Idan ya yi faɗa ka sunkuyar da kai ka yi shiru har ya sauke. Sannan ka ce masa, "Baba, kunyar da na ji a daji ce ta kai ni ga wannan. Ina so ka koya mini washi da hannunka." Na san dattawan mafarauta, da wuya ka ga wanda wannan roƙon bai sanyaya masa rai ba. In kana jin nauyi ƙwarai, ka fara gaya wa mahaifiyarka ta duba maka lokacin da yake cikin nishaɗi, amma maganar kai za ka yi ta da bakinka.

Ita kuwa kunyar daji, ka sauke ta daga ranka. Aron wuƙar da ka yi shi ne daidai. A cikin Arba'una Hadisi, na goma sha bakwai, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Da ka tsaya kana gurzar wuyan dabba da dakusasshiyar wuƙa don gudun dariyar abokai, wannan ne abin kunyar. Kuma neman mawashin da za ka riƙa yawo da shi ba son ƙawa ba ne, yana cikin haƙƙin dabbar da ke kanka. Sai dai ka riƙa yin washin tun kafin buƙata ta taso, kada ka tsaya gogar wuƙa dabba na kallo.

Dakushewar ma ba laifin wuƙar ba ne. Duk abin da ka kama a dajinmu, zomo ne, gafiya ce, damo ne, jikinsa cike yake da rairayi, kuma ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Kowane jan da ka yi ta cikin gashi, rairayin nan yana cin bakin wuƙar. Ka ƙara da ƙashi, ka ƙara da yanka a bisa ƙasa. Wuƙar maƙeran gida kuma yawanci ƙarfenta bai kai na wuƙaƙen kanti masu tsada tauri ba. Wannan ba aibi ba ne: tana saurin dakushewa, tana kuma saurin wasuwa, shafa kaɗan ta dawo. An ƙera ta ne don mutumin da dutse ke kusa da shi. Ka tambayi Baba yadda mahaifinsa yake yi idan sun kwana a daji, zan yi mamaki in bai ce maka akwai ɗan guntun dutse a burgaminsa ba.

Shi wannan abu mai tsaga, a cikinsa akwai 'yan ƙarafa biyu masu tsananin tauri da aka giciye. Ba goga yake yi ba, fere ƙarfen yake yi, kamar yadda kafinta ke fere katako. Garin da ka ga yana zuba kana murna, naman wuƙar kakanka ne. Yana da aibi uku a kan irin wuƙarka. Faɗin tsagar a kafe yake, bai san yadda maƙeri ya kwantar da bakin wuƙarka ba, sai ya tilasta mata nasa. Idan ya tarar da ɗan ƙaramin giɓi sai ya maƙale a ciki ya fizge, giɓin ya ƙara faɗi. Kuma ba ya kaiwa gindin wuƙa kusa da mariƙi, hannu ma a tsakiya ya fi dannawa, shi ya sa tsakiyar ta rame. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, dannawa da yawan ja sun ƙara ɓarnar, amma ko da hannun wa aka ja, abin bai dace da wannan wuƙa ba. Ban ga alamar ya cuce ka da gangan ba. Ɗan kasuwa ne, ya ga abu yana tafiya ya sayo. Kada ka ɓata abota a kan ɗan wannan kuɗi. Ka nuna masa wuƙar don kada ya sake tallata shi ga wani mafarauci, in ya karɓi kayansa to, in bai karɓa ba ka kai wa maiɗakinka, wuƙaƙen girki masu araha ba sa ƙin sa, muddin ba a danna ba kuma ba a wuce ja uku ko huɗu ba.

Gyaran giɓin ba aikin mawashin aljihu ba ne. Dole a ci bakin gaba ɗaya daga gindi har tsini sai an kai zurfin giɓin, sannan a sake fitar da kaifi. Wuƙar za ta ɗan rage faɗi, shi ke nan asarar. Dutsen tsakar gidanku da ruwa da haƙuri za su iya, in Baba ya ga dama ya yi da kansa kana kallo. In kuwa ya ce a kai wa maƙeri, ku tafi tare, shi ya san na ƙwarai. Abu biyu kawai za ka kiyaye. Kada a ɗora ta a kan injin washi mai wuta a bushe, don zafi yana kashe taurin da maƙeri ya ba ƙarfe lokacin da ya gasa shi ya tsoma. Da ka ga bakin ya canza launi ya yi shuɗi-shuɗi, to wurin ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi. Kuma kada a mayar da ita wuta sai da yardar Baba.

To, mu zo kan zaɓi. Ka manta da hotunan waya tukuna, ka tambayi kanka abin da daji ke bukata. Abu ne da zai shiga burgami ba nauyi, wanda in ya faɗi ba zai fashe ba, wanda ba zai sha ruwan gorarka ba, wanda kuma ƙura ba za ta kashe shi ba. Mu da muke Damagaram ba sai an koya mana darajar ruwa ba. Da wannan ma'auni, duwatsun Japan da ake yabo sun fita. Suna fitar da kaifi mai ban mamaki, amma da yawansu sai an jiƙa su cikin ruwa na 'yan mintoci kafin aiki, suna lotsawa da wuri, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta raba su biyu. Duwatsun mai, irin na Arkansas ta Amurka, su ma ba na dajinmu ba ne. Dutsen da ya sha mai da wuya ya rabu da shi, ruwa ba ya zama a kansa, kuma da hunturu ƙura za ta haɗu da man ta toshe fuskarsa. Waɗanda ake ɗaure wuƙa a jikinsu da maƙama, irin na Lansky mai ramuka huɗu da ke saita kwanciyar bakin wuƙa a kan digiri 17 da 20 da 25 da 30, suna aiki mai tsabta, amma tarkacensu ya yi yawa. Na zaman gida ne. Ka kwance su a gindin ƙaya da magariba, sai ka nemi ɗan noti ɗaya cikin rairayi ka rasa.

Abin da nake ba ka shawara a kai shi ne ɗan mawashi shimfiɗaɗɗe, tsawon tafin hannu, mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Shimfiɗaɗɗe nake so domin shi kaɗai ne ke bin hannunka, ya bar wa wuƙa kwanciyar bakin da maƙeri ya yi mata. Idan ka ga lamba a jiki, ka sani yawan lamba laushi ne. Wajen 300 zuwa 400 na tayar da bakin da ya mutu ne, 600 zuwa 1000 kuma na aikin yau da kullum. Mai fiɗa ba ya bukatar abin da ya wuce haka. Bakin da aka gama a kan 600 yana da 'yan haƙora ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke kama fata da jijiya. Wanda aka goge har yana ƙyalli ya fi kyau a aski, amma a kan fatar dabba mai gashi ba ya daɗewa yake fara santsi.

Irin wannan mawashi kala biyu za ka tarar. Akwai na daiman, wato farantin ƙarfe da aka manne wa garin lu'ulu'u. Babu ƙarfen wuƙar da ya gagare shi, ba ya lotsawa, ba ya fashewa, kuma yana aiki a bushe ko da ɗigon ruwa kaɗan. Cikin sanannu akwai DC4 na kamfanin Fallkniven da ke Suwidin, tsawonsa santimita 10, faɗinsa ya ɗan haura 3, fuska ɗaya daiman ɗaya tangaran, da 'yar jakarsa ta fata. Akwai na DMT ta Amurka mai naɗewa, wanda launi ke nuna kaushinsa, shuɗi 325, ja 600, kore 1200. Akwai na Work Sharp na daji, wanda aka yi wa ɗan tudu na digiri 20 a kowane ƙarshe don ya nuna wa hannu kwanciyar wuƙa. Duk kayan kirki ne, amma ba lallai ka tsince su a kasuwar Dole ba, galibi sai saƙo daga Kano ko Yamai, ga kuɗin hanya, ga jabu da suka cika ko'ina da suna iri ɗaya. Na jabun garin daiman ɗinsa yana zubewa cikin ɗan lokaci ya bar maka farantin banza. Kai da ba za ka taɓa abu da hannunka ba kafin ka biya, caca ce.

Ɗaya kalar shi ne dutsen nan baƙi-baƙi ko ruwan toka mai fuska biyu da ake samu wajen masu sayar da kayan gini da na kafinta. Ba shi da suna, ba shi da ado, amma abin da aka yi shi da shi ya fi ƙarfe tauri nesa ba kusa ba, kuma ga wuƙar maƙeran gida ya isa har da saura. Aibinsa yana lotsawa a tsakiya in an daɗe, kuma yana iya fashewa, don haka sai a ɗinka masa gida. Ka je Dole ranar Alhamis da kasuwa ke ci, ka nemi ƙarami. Ka ɗaga shi ka kalli fuskar ta gefe ko a miƙe take. Ka goga shi da babban yatsa, in yana zubar da gari a hannunka tun ba a yi aiki ba, ajiye. Ka tafi da wata wuƙar banza ka roƙi mai kaya ka gwada: dutsen ƙwarai za ka ji yana kama ƙarfe, yana barin baƙin layi. Kuma ka sayi sabo wanda bai taɓa shan mai ba.

In ka tambaye ni wanne, ga wuƙar da kake riƙe da ita da aljihun da kake da shi, na biyun. Na daiman ya fi cancanta ga mai wuƙar kanti mai taurin gaske wadda dutse ke santsi a kanta. A kan ƙarfe mai laushi, a hannun ɗan koyo, saurin cinsa ma illa ne, don kafin ka gane ka kauce ya riga ya ci. In wata rana ka mallaki wuƙar da ta gagari dutsen, ka yi saƙon na daiman ta hannun wanda ka amince da shi, kuma ka riƙa shafawa a hankali, dannawa ce ke tumɓuke garin.

Akwai ma hanyar da ba ta kai wannan kuɗi ba. Ka samu ɗan katako a miƙe, ka sayi samfefar nan baƙa wadda masu fentin mota ke jiƙawa, mai lamba 400 da mai 800, ka manna ɗaya a kowace fuska. A kanta baya-baya ake jan wuƙa, bayan wuƙa na gaba baki na biye, don kada ta yanke takardar. In ta cinye ka ɓare ka manna sabuwa. Ranar da babu komai, zoben da ke gindin kofin tangaran, inda ba a shafa masa ƙyalli ba, yana tayar da baki. Duwatsun da suka kewaye unguwar Birni ta nan Damagaram dai kada ka wahalar da kanka, ƙwayarsu ba ta daidaita ba, za su karce wuƙa fiye da su wasa ta.

Abu ɗaya da zan ce lalle ka haɗa da shi, kuma Allah ya sa a garin dukawa kake, shi ne guntun fata mai kauri. Ka sa baduku ya ɗinka wa dutsen gida da fata mai ƙwari, sai gidan da kansa ya zama abin gamawa. Bayan washi ka ja wuƙar a kan fatar baya-baya, sau kamar goma kowane gefe. A tsakiyar fiɗa ma, da ka ji ta fara nauyi, fatar za ka fara nema kafin dutse, domin sau da yawa bakin ba cinyewa ya yi ba, lanƙwashewa ya yi, miƙarwa kawai yake so. Abin da mahauta ke yi ke nan da kake ganin suna ta shafa wuƙa a jikin ƙarfe. Da haka wuƙa ke daɗewa ba ta rame ba.

Maiɗakinka kuwa, gaskiyarta. Hatsi na gaba da dutse, kuma macen da ta duba rumbu ta gaya maka gaskiya ba abokiyar gaba ba ce. Ina jin abin da ya tayar mata da hankali shi ne ta ga ka saya na farko ya ɓata, yanzu kuma za ka zuba duk abin da ka tara a kan abin da ka gani a waya kawai. Ka zauna da ita ka ce ka ji maganarta. Ka yanke wa kanka iyaka a gabanta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, sauran ka auno hatsi tun kafin ka je wajen masu dutse. Ka kuma nuna mata cewa abin na gida ne duka. Wuƙaƙenta za su amfana, kuma idan Layya ta zo, mai hannun washi da fiɗa ba ya zama banza a unguwa.

Cikin wannan kason ka fitar da kuɗin wuƙa ta biyu, sabuwa daga maƙera, mai araha, ko irin su Okapi da Opinel masu naɗewa in ka samu. A kanta za ka koyi hannu, ita za ta sha kuskurenka, ita kuma za ta riƙa yin aikin wahala a daji, yankan igiya da feƙe itace da sauransu. Ƙashi kuma na adda ne ko ɗan gatari. Ta kakanka ka bar ta ga yanka da fiɗa kawai.

Ga yadda za ka fara kafin Baba ya gyara maka hannu. Ka tsayar da wuƙa a miƙe a kan dutse, ka kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da ita rabin wannan. Nan ne wajen digiri 22, kuma wuƙar farauta tsakanin 20 da 25 take so a kowane gefe. A wuƙa mai faɗin santimita 3, bayanta zai tashi daga dutse kamar santimita 1. In ka kwantar fiye da haka za ta yi kaifi amma ta riƙa ɓantarewa, in ka ɗaga fiye da haka za ta yi ƙwari amma ta ƙi shiga nama. Ga wata dabara mai sauƙi: ka shafa wa bakin baƙin alƙalamin maka, ka ja sau biyu a kan dutse, ka duba. In tawadar ta goge daga can sama ta bar ta bakin, ka ɗan ɗaga. In ta goge a bakin kawai, ka ɗan kwantar. In ta goge duka, hannunka ya zauna, sai ka riƙe shi a nan. Ka tsaya a gefe ɗaya har sai ka shafa yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki ta ɗaya gefen ka ji wani ɗan siririn zaren ƙarfe yana kama fatarka, daga gindi har tsini. Shi ne shaidar cewa washin ya kai ƙarshen baki. Sannan ka juya ka yi wa ɗaya gefen haka, ka koma fuska mai laushi kana sassauta hannu, ka gama a kan fata har zaren ya faɗi. Mafi yawan masu cewa dutsensu ba ya aiki, juyawa suke yi tun zaren bai fito ba. Don gwaji, ka fuskantar da bakin ga rana. Duk inda ya yi ƙyalli bai wasu ba, baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Kada ka gwada da jan yatsa a tsawon baki, kuma da yake dutsen ƙarami ne, ka ajiye shi a kan gungume ko ka riƙe shi ta ƙasa, yatsunka kada su leƙo sama.

Wajen fiɗa, ka ɗan huda fata ka shigar da tsini, baki na kallon sama, ka yanko daga ciki zuwa waje. Da haka wuƙa ba ta bi ta cikin gashi da rairayi, kuma kaifin da a da yake saurin mutuwa zai fi daɗewa. Da ka gama ka goge jini, ka busar da ita sosai kafin ta koma kube, don fatar da aka jeme da bagaruwa in ta haɗu da danshi tana baƙanta ƙarfe ta jawo tsatsa. In za ta daɗe a ajiye ka shafa mata ɗan mai. Shi dutsen dai ruwa kawai, kada man gyaɗa ya kusance shi, daskarewa yake ya toshe.

Tunda ka ambaci Gure, in ƙara maka wannan a gurguje. Can arewa da ita akwai gandun Termit da Tin Tumma da aka keɓe tun 2012, kuma farauta a ƙasar nan ta Nijar tana ƙarƙashin dokar 1998, akwai lokacinta, akwai takardarta, akwai dabbobin da ba a taɓawa sam. Ku riƙa tuntuɓar ma'aikatan gandun daji kafin fita, kada wata rana a karɓe kayanku har da wuƙar gado a ciki.

Idan kun zauna da Baba, ka ajiye masa maganar dutsen aljihu a matsayin tambaya, kada ka je masa da abin da ka riga ka yanke. Mai yiwuwa ya ce ku je Dole tare ya zaɓa maka, mai yiwuwa ya shiga ɗaka ya fito da guntun da ya daɗe yana ajiye, mai yiwuwa kuma ya ce wuƙar ta zauna wurinsa har sai hannunka ya nuna a kan ta biyun. In ya zaɓi na ƙarshen kada ka ɗauka ƙwace ce, ka ce to, ka ci gaba da zama kusa da shi duk ranar da ya zuba ruwa a kan dutsen tsakar gida. Ka gaishe mini da shi da maiɗakinka, Allah ya raya yaron.